Tarihin Nardi Da Dabarunsa: Daga Sarki Zeno Zuwa Kwamfuta



Duk wanda ya yi karatun zaure har ya kai ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya ci karo da kalmar nardi. Tana can wajen ƙarshen littafin, inda malam ya haɗa ta da shaɗaranji, wato darar nan mai sarki da doki, cikin wasannin da ya ce bai halatta a yi ba. Da yawanmu mun karanta mun wuce, ba mu taɓa ganin allon da ake magana a kansa ba. Wannan wasa yana nan da ransa har yau. Larabawan Masar da Sham suna kiransa ɗawla, Turkawa su ce tavla, Girkawa su ce tavli, masu jin Ingilishi kuma su ce bakgamon. Ɗalibanmu da suka zauna a Alƙahira sun sha jin ƙarar 'ya'yansa a shagunan shayi da gahawa.

Abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne, fiye da shekara 1,500 ke nan mutane suna amfani da wannan allo wajen yin muhawara ɗaya: tsakanin sa'a da dabara, wanne ke da rinjaye? Duk dabarun wasan amsoshi ne da aka riƙa ba wannan tambaya ƙarni bayan ƙarni. Za mu bi tarihin, mu ga yadda kowace dabara ta samo asali.

YADDA ALLON YAKE

Allon yana da gidaje 24, sha biyu a kowane ɓangare. Mutum biyu ne ke wasa, kowa da 'ya'ya 15, ana jefa dayis biyu irin na ludo. Kowane ɗan wasa yana ƙirga gidajen daga nasa ɓangaren: gida na 24 shi ne mafi nisa, yana tafiya yana saukowa har zuwa gida na 1. Gidaje shida na ƙarshe, daga 6 zuwa 1, su za mu kira unguwarsa. Abokin karawa yana tafiya ta kishiyar hanya, saboda haka dole rundunonin biyu su ratsa juna. Wanda ya tara dukkan 'ya'yansa a unguwarsa ya riga fitar da su daga allo, shi ya ci.

A farkon wasa kowa yana da 'ya'ya biyu a gida na 24, biyar a na 13, uku a na 8, biyar a na 6. Idan ka haɗa takun da kowane ɗa zai yi kafin ya fita, za ka sami taku 167. Ka'idojin da suka haifar da duk wata dabara guda biyu ne. Gidan da kake da 'ya'ya biyu ko fiye ya rufu, abokin karawa ba zai iya sauka a cikinsa ba. Ɗan da ya zauna shi kaɗai a gida kuwa, wanda za mu kira maraya, idan aka sauka a kansa an buge shi, sai ya koma farko ya sake shigowa ta unguwar abokin gaba, kuma mai shi ba zai motsa ko ɗa ɗaya ba sai ya shigo da shi.

JIFAR DA TA KARYA SARKI

Wasannin tsere da dayis sun daɗe ƙwarai. A shekarun 1920 Leonard Woolley ya haƙo alluna masu gidaje 20 a maƙabartar sarakunan Ur da ke Iraƙi ta yau, waɗanda aka yi wajen shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masarawan dā suna da nasu mai gidaje 30 da ake kira senet, har a kabarin Tutankamun an same shi. Rumawa kuma suna da wani mai layi uku, kowane layi gidaje 12. Marubucin tarihi Suwetoniyus ya ba da labarin cewa Sarki Kalaudiyus ya kamu da son wasan dayis har ya rubuta littafi a kansa, ya kuma sa aka kafa masa allo a cikin keken dokinsa don kada tafiya ta katse masa wasa.

Wasa na farko da za mu iya zana shi a kan allo irin na yau shi ne na Sarki Zeno, wanda ya mulki Rum ta Gabas daga birnin Konstantinoful, Istanbul ta yanzu, daga 474 zuwa 491. Sunan wasan a lokacin tabula, kuma daga wannan kalma ɗawla da tavla da tavli suka fito. Gidajensa 24 ne, 'ya'ya 15 ga kowa, sai dai da dayis uku ake jifa. Wani mawaƙi kuma marubucin tarihi mai suna Agatiyas, wanda ya rayu a ƙarni na 6, ya siffanta wani wasa da Zeno ya yi wajen shekarar 480 dalla-dalla, har masana suka iya sake jera allon. Sarki yana da tulin 'ya'ya bakwai a gida ɗaya, da gidaje uku masu 'ya'ya bibbiyu, da marayu biyu. Ya jefa dayis suka ba shi 2 da 5 da 6. Saboda abokin karawarsa ya toshe sauran hanyoyin, babu motsin da ya rage masa sai ya farke gidajen nan uku. Jifa ɗaya ta bar shi da marayu takwas a warwatse.

Agatiyas ya kawo labarin ne don ya nuna cewa sarauta ba ta kare mutum daga juyin sa'a. Amma ɗan wasan yau idan ya dubi allon zai ga wani abu daban. Wanda ya jibge 'ya'ya bakwai a gida ɗaya ya ɗaure wa kansa ƙafa, domin kusan rabin rundunarsa ba ta yi masa aikin komai, kuma jifar da za ta yi masa daɗi ta ragu. Darasi na farko ke nan: a shimfiɗa 'ya'ya ta yadda mafi yawan jifa za su sami wurin sauka mai amfani. Muguwar jifa tana zuwa wa kowa, amma girman ɓarnar da za ta yi ya dogara da yadda ta same ka.

FARISA DA DUNIYAR MUSULUNCI

Sunan nardi daga Farisa ya zo. Wani tsohon littafi da aka rubuta da harshen Fahlawi ya ba da labarin cewa wani sarkin Indiya ya aika wa Kisra Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, da allon shaɗaranji ba tare da bayani ba, ya ce in Farisawa sun isa su gano yadda ake yinsa. Waziri Buzurjumihr ya gano, sannan ya ƙago wani wasa ya aika wa Indiyawa, su kuma suka kasa warware shi. Ya raɗa masa sunan Ardashir, wanda ya kafa daular Sasaniyawa, daga nan aka sami nardashir, aka taƙaita zuwa nardi. Firdausi ya sake ba da labarin a cikin Shahnama, wadda ya kammala a 1010. Labarin ya fi kama da kirarin fada, tunda mun ga Zeno yana buga irin wannan wasa shekara hamsin kafin Kisra ya hau gado. Abin da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne ma'anar da aka ɗora wa allon.

An fassara 'ya'ya 30 da kwanakin wata, fararen su ne yini, baƙaƙen su ne dare. Marubutan Larabci irin su Mas'udi, mai littafin Murujuz Zahab wanda ya rasu a 956, sun kawo cewa gidaje 12 watannin shekara ne, dayis kuma misalin ƙaddara ne da ke juya mutane. Daga nan aka saba jera wasannin biyu gefe da gefe: shaɗaranji na masu cewa mutum da tunaninsa yake cin nasara, nardi na masu cewa rabo ne kawai.

A nan ya dace mu faɗi matsayin addini a sarari. Hani a kan nardi ya zo a hadisi, a Sahihu Muslim ta hanyar Buraida, da kuma Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta hanyar Abu Musal Ash'ari, Allah ya ƙara musu yarda, kuma lafazin gargaɗin mai tsanani ne. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun haramta shi ko da ba a sa kuɗi ba. Malaman Shafi'iyya, waɗanda suka sassauta a kan shaɗaranji, sun bambanta su ne da cewa shi shaɗaranji a kan tunani ya dogara, nardi kuwa a kan abin da dayis ya fitar. Mu tarihi muke bibiya, fatawa kuma aikin malamai ce, kowa ya koma gare su.

Duk da haka wasan ya bazu. A ƙarni na 9 Al'adli, gwanin shaɗaranji na zamanin Abbasiyawa, ya rubuta littafi a kan nardi. Har yau a shagunan gahawa na Gabas ta Tsakiya da lambobin Farisanci ake kiran jifa: yak, du, se, cahar, panj, shesh. Shida da biyar kuwa shesh-besh ake cewa, rabi Farisanci rabi Turkanci. Ta gabas ya kai Sin da sunan shuwanlu, ya kai Japan da sunan sugoroku, inda Sarauniya Jito ta haramta shi a 689. Ta yamma kuma Sarki Luwi na IX na Faransa ya hana ma'aikatansa yinsa a 1254. Musulmi da Kirista da mutanen Japan ba su haɗa addini ba, amma duk sun ga abin da allon nan ke jawowa idan kuɗi ya shiga.

MAI HIKIMA NA UKU

A 1283 aka kammala wa Sarki Alfonso na X na Kastila, a ƙasar Sifaniya, wani littafin wasanni da ya ɗebo abubuwa da yawa daga ilimin Larabawan Andalus. Gabatarwarsa ta kawo labarin wani sarkin Indiya da masu hikima uku. Na farko ya ce hankali ya fi sa'a, ya kawo shaɗaranji ya zama hujjarsa. Na biyu ya ce sa'a ta fi hankali, ya kawo dayis zalla. Na uku ya ce gwani shi ne wanda ya iya amfani da hankalinsa a kan abin da sa'a ta kawo masa, in ta yi kyau ya ci moriyarta, in ta ɓaci ya rage asara. Shi ne ya kawo allon nardi. A ganinmu babu wanda ya siffanta wasan fiye da wannan, kuma duk abin da ya biyo baya ƙoƙari ne na mayar da maganar mai hikima na uku zuwa lissafi.

Lissafin ya zo a hankali. Likitan Italiya Kardano ya rubuta littafi a kan wasannin sa'a a ƙarni na 16, ba a buga shi ba sai 1663. A 1654 Paskal da Farma na Faransa suka yi musayar wasiƙu a kan wata matsalar 'yan caca, wasiƙun da ake ɗauka tushen ilimin yiwuwa. A Ingila kuwa wasan ya riga ya zauna, har an sami allonsa a jirgin yaƙi Mary Rose da ya nutse a 1545. Sunan bakgamon ya bayyana a rubuce a ƙarni na 17, sannan a 1743 Edmond Hoyle ya buga ɗan littafinsa a kan wasan, da ka'idoji da lissafin jifa.

Ga zuciyar lissafin. Dayis biyu suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36. Idan marayanka yana taku ɗaya gaban ɗan abokin gaba, hanyoyi 11 cikin 36 za su buge shi. Taku huɗu ko biyar, hanyoyi 15. Taku shida ne mafi haɗari, hanyoyi 17, kusan rabi. Amma da zarar ya kai taku bakwai sai haɗarin ya faɗo zuwa 6, domin sai an haɗa dayis biyu kafin a iso shi. Taku 11 kuwa hanyoyi 2 kacal. Wannan duk idan babu gidan da ya tare hanya ne. Saboda haka in dole ne ka bar maraya, ka bar shi nesa da taku shida, in kuma ba hali ka matso da shi dab da abokin gaba. Mai wasa da zuciya yana ganin kusa ya fi haɗari, lissafi kuma ya nuna akasin haka.

DABARU BIYAR

Daga wannan lissafi da gogewar ƙarnoni aka tace manyan tsare-tsare biyar. Littafin Paul Magriel na 1976, wanda har yau masu koyo ke komawa gare shi, yana cikin waɗanda suka jera tunanin wasan a tsare. Magriel masanin lissafi ne, kuma ya zama zakaran duniya a 1978.

Na farko tsere. Kowa ya fara da taku 167, matsakaiciyar jifa kuma tana ba da taku 8 da ɗan ɗoriya, saboda idan dayis biyu suka fito iri ɗaya sau huɗu ake tafiya. Ɗan wasa yana ƙirga takun da ya rage masa da na abokinsa. Wanda ke gaba, amfaninsa shi ne ya kwashe 'ya'yansa na baya ya rabu da faɗa. Wanda ke baya kuwa gudu ba nasa ba ne, sai ya tsaya ya nemi abin bugewa. Shi ya sa wanda ya buɗe wasa da 6 da 5 yakan ɗauki ɗa ɗaya daga gida na 24 ya kai shi na 13 kai tsaye.

Na biyu katanga. Ka rufe gidaje a jere a gaban 'ya'yan abokin gaba na baya. Idan gidajen suka kai shida a jere babu jifar da za ta tsallake su, tunda dayis ɗaya ba ya wuce shida, kuma dole kowane dayis ya sami buɗaɗɗen gida. Tun daga jifar farko ake fara ginin. Wanda ya sami 3 da 1 yakan rufe gida na 5, da ɗa ɗaya daga na 8, ɗaya daga na 6. Mai 4 da 2 ya rufe na 4, mai 6 da 1 ya rufe na 7. Gida na 5 ne aka fi daraja, domin yana cikin unguwa kuma yana manne da na 6.

Na uku turke. Ka ajiye 'ya'ya biyu a gida ɗaya cikin unguwar abokin gaba ka zauna. Mafi kyawun wuri shi ne gidansa na 5, wato naka na 20. Turke yana ba ka wurin sauka duk lokacin da aka buge ka, yana hana a kammala katanga a kanka, sannan kana nan kana jiran ranar da zai bar maraya a kan hanyarsa ta komawa gida. Dabarar wanda aka ɗan wuce a tsere ke nan, kuma haƙuri take buƙata.

Na huɗu farmaki. Idan abokin gaba ya raba 'ya'yansa na baya bai kafa turke ba, sai ka buge su a unguwarka, ka yi ta rufe gidaje kafin ya farfaɗo. Lissafinsa a fili yake. In ka rufe gidaje uku, hanyoyi 9 cikin 36 za su hana shi shigowa. In huɗu ne, 16. In biyar ne, 25. In ka rufe duka shida, sai ya zauna yana kallo. Ladan farmaki babba ne, domin wanda aka cinye bai fitar da ko ɗa ɗaya ba asararsa ninki biyu ce, abin da Turkawa da Farisawa ke kira mars. Haɗarinsa kuma shi ne in ya sami turke a tsakiyar faɗan, 'ya'yanka sun riga sun nutse can ƙasan unguwa, ba sa iya tare kowa.

Na biyar kwanton ɓauna. Wanda aka buge masa 'ya'ya da yawa, aka yi masa nisa a tsere, yakan kafa turke biyu a unguwar abokin gaba, ya jira har lokacin da zai fara kwashe 'ya'yansa, da fatan ya buge ɗaya a makare. Matsalar ita ce lokaci. Dole ne ka motsa duk jifar da ta zo, saboda haka in jiran ya yi tsawo taka unguwar za ta rushe kafin damar ta zo. Gwanaye ba sa neman wannan dabara da gangan, sai in ta zama ita kaɗai ta rage.

Abin lura shi ne ba ɗan wasa ke zaɓar tsari tun daga gida ba. Jifa biyu ko uku na farko ne ke nuna masa wanne ya dace, kuma jifa ɗaya tana iya mayar da mai tsere ya koma mai turke. Wanda ya nace wa dabara ɗaya saboda ita ya saba da ita, shi ake ci.

DAYIS ƊIN NINKI

A shekarun 1920, a kulob-kulob na birnin New York, aka shigo da wani sabon abu: wani babban dayis mai ɗauke da 2, 4, 8, 16, 32, 64. Ba a jefa shi. Wanda ya ga yana da rinjaye sai ya miƙa wa abokinsa tayin a ninka makin wasan. In ya ƙi, ya sallama wasan a kan makin da ake kai. In ya karɓa, a ci gaba a kan ninki biyu, kuma daga nan shi kaɗai ke da ikon sake ninkawa. A 1931 wani kulob na New York ya rubuta ka'idojin da suka haɗa da wannan, su ne tushen waɗanda ake bi a gasa yau.

Yaushe ya dace a karɓa? Mu ɗauka an yi maka tayi sau huɗu a yanayi iri ɗaya, kuma damarka ta ci ɗaya ce cikin huɗu. In ka ƙi duka, ka yi asarar maki 4. In ka karɓa duka, za ka faɗi sau uku a kan maki bibbiyu, 6 ke nan, ka ci sau ɗaya ka sami 2, asara ta koma 4. Daidai suke. Saboda haka muddin damarka ta haura kashi 25 cikin 100, kuma babu babban haɗarin mars, karɓa ta fi, ko da ka san kai ne a ƙasa. Kada mu manta kuma daga inda abin ya fito: 'yan caca ne suka ƙago shi don kuɗin da ke kan tebur ya hau da sauri. Ninki shida kawai ke mayar da ɗaya ya zama 64.

RANAR DA NA'URA TA SHIGO

A shekarun 1960 Yarima Alexis Obolensky ya farfaɗo da wasan ta hanyar shirya gasa, ta farko babba a tsibiran Bahamas a 1964. A 1967 Tim Holland ya ci gasar duniya a Las Vegas. A Yulin 1979 a Monte Carlo, Luigi Villa ɗan Italiya ya zama zakaran duniya, nan take kuma aka haɗa shi da wata manhajar kwamfuta mai suna BKG 9.8, wadda Hans Berliner na Jami'ar Carnegie Mellon ya rubuta. Manhajar ta ci shi da maki 7 da 1. Wannan ne karo na farko da kwamfuta ta doke zakaran duniya a wasan allo. Sai dai Berliner da kansa ya bi wasannin ya bayyana cewa Villa ya fi manhajar iya wasa, dayis ne suka yi mata gata.

Sauyi na gaskiya ya zo a 1992, lokacin da Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fito da TD-Gammon. Ita wannan ta koyi wasan ne ta hanyar karawa da kanta, tana gyara hasashenta bayan kowane motsi, har wani samfurinta ya buga wasanni miliyan ɗaya da rabi. Ta kai matakin manyan gwanayen duniya, sannan ta fara saɓa musu. Misali, gwanayen shekarun 1970 da 1980 idan suka buɗe da 4 da 1 ko 5 da 1, sukan sauko da ɗa ɗaya daga gida na 6 zuwa na 5, su bar shi maraya da fatan rufe gidan a jifa ta gaba, duk da cewa hanyoyi kusan 15 cikin 36 za su buge shi. TD-Gammon ta fi son a yi amfani da 1 ɗin wajen raba 'ya'yan baya, daga gida na 24 zuwa na 23. Da aka gwada sai aka ga tana da gaskiya, gwanaye suka sauya. Bayanta aka sami JellyFish da Snowie da GNU Backgammon da eXtreme Gammon, kuma hanyar koyo ta karawa da kai ta ci gaba har zuwa AlphaGo da ta doke Lee Sedol a wasan go a 2016.

Manhajojin yau suna iya ɗaukar wasan da aka gama su raba shi gida biyu: ga yawan kuskuren da kowa ya yi, ga yawan sa'ar da kowa ya samu. Muhawarar da masu hikimar littafin Alfonso suka yi da baki, yanzu da lambobi ake auna ta. Abin da awon ya nuna shi ne a wasa ɗaya ko gajeriyar karawa, mai rauni yana iya cin gwani, kuma hakan yana faruwa sau da yawa. Sai an tara wasanni masu yawa sannan bambancin iyawa ke fitowa fili.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Mai hikima na uku ne ya fi kusa da gaskiya, amma lambobin sun ƙara wani abu a kan maganarsa. Dabara ba ta kore sa'a, tana karkatar da ita ne kaɗan-kaɗan. Wanda ya ajiye marayansa a inda hanyoyi 6 cikin 36 kawai za su same shi ya yi daidai, amma duk da haka sau ɗaya cikin shida za a buge shi. Wanda ya yi ganganci ya tsira bai zama gwani ba. Ana auna shawara ne da abin da mutum ya sani kafin a jefa dayis, wannan kuwa ma'auni ne da ɗan kasuwa da manomi da mai mulki duk suke buƙata.

Haka nan lambobin suna bayyana mana abin da ya sa sarakuna da malamai daga Japan zuwa Faransa suka tsorata da wannan allo. Wasan da mai rauni ke ci lokaci-lokaci shi ne mafi iya yaudara, domin kowane ci yana gaya masa cewa ya iya, kowace asara kuma sai ya ɗora wa dayis. Haka ake komawa tebur har aljihu ya bushe. Matasanmu da ke zuba kuɗi a cacar ƙwallo ta waya su tuna da Luigi Villa: zakaran duniya ne, ya fi abokin karawarsa iya wasa, amma aka tashi 7 da 1. Shi ma a wasan da iyawa ke da tasiri ke nan, kuma babu kamfanin da ke yankar kasonsa a kan kowace jifa.

Muna jiran gyara da ƙarin bayani daga malamanmu da waɗanda suka zauna a ƙasashen da ake buga ɗawla.